Damshin Ƙarƙashin Buzu

Ana tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta taka ƙasar Kaura Namoda da rana tsaka, Inna Fatimatu ta sallame azahar, ta ɗaga buzunta za ta rataye, sai ta ji ƙasansa da sanyi. Ta shafa. Ta sake shafawa. Damshi ne, ba ko tantama, ya yi baƙi a kan simintin daidai inda take ɗora goshinta, ya miƙe har gindin bango.

"Innalillahi," ta ce. "Mi ya kawo ruwa nan?"

Ai kuwa tambaya ce. Rabon garin da ruwan sama tun kaka. Randarta tana can waje. Abu ɗaya ne mai ruwa kusa da wurin, shi ne bayin zamani da ɗanta Jamilu ya gina mata a jikin ɗakin ta kudu, kuma abin da ya jingina da wannan bangon ta ɗaya gefen, masai ne.

Bari ku ji yadda masai ya zo ya jingina da bangon sallar tsohuwa, don ba haka aka fara ba. Jamilu direba ne, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, can kuma yake zaune da iyalinsa. Da gwiwoyin uwarsa suka fara gardama da tsuguno, sai ya sa aka gina mata bayi mai tayil, da shawa, da masan zama, aka ɗora tanki a bayan ɗaki. Aiki ya yi kyau, kowa ya zo ya gani ya yaba. Inna ta shigo da sandarta, ta dubi masan, ta dubi inda rana ke fitowa, ta ce a'a. Wanda ya kafa shi ya fuskantar da shi gabas sak! Ita za ta zauna ta yi lalura tana kallon alƙibla? Ko da wasa. Aka yi lallashi, aka ce ai cikin gini ne, malamai sun yi rangwame. Ta ce su malaman su zo su zauna. Dole aka kira mai aikin ya tumɓuke shi, ya juya shi kudu, bayansa ya koma jikin ɗakinta, aka ƙara bututu aka rufe da siminti.

To, wannan ne ya faɗo mata a rai tana tsaye da buzu a hannu. Ita ta sa aka juya shi. Ta gudu kada ta wulaƙanta alƙibla, ashe ta jawo najasa har ƙarƙashin goshinta. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don wurin ba ƙaramin wuri ba ne a gare ta. Nan mijinta Malam Rufa'i ya yi ta nafilarsa tun suna da ƙuruciya, buzun ma nasa ne, kuma a ɗakin ya cika. Tun daga ranar ba ta taɓa yin salla a wani lungu na gidan ba.

La'asar ta yi ta a tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro.

Washegari Jamilu ya iso, ya tsuguna ya duba, ya shinshina, ya ce shi bai ji wari ba. Ya je ya tambayi liman, ya dawo ya ce liman ya ce sallar da aka yi cikin rashin sani ta yi, a wanke wuri kawai.

"Da ban sani ba," in ji Inna. "Yanzu fa? In wanke sama, ƙasa na shan ƙazanta? Ni ba ni aza goshina bisa ruwan masai, ko an zuba turaren duniya."

Fuskar Jamilu ta ɗan saki. Ya daɗe yana roƙon ta koma Shinkafi wurinsa. Ya gyara mata ɗaki, matarsa Mardiyya har labule ta saka, tsohuwa ta ƙi. Yanzu ga hanya ta buɗe da kanta.

"Inna, in dai masan ne, ƙasar ɗakin nan ta riga ta sha. Ginin ƙasa ne, sai an rushe. Ki taho mu tahi gida."

Ta dubi ƙofar ɗakin ta daɗe. Wallahi ji ta yi kamar an ce ta sake binne Malam. Amma ba ta iya zama a ɗakin da ba za ta yi salla a cikinsa ba, wannan ta sani.

"In masai ne, na bi ka," ta ce. "Amma a kira min Sirajo ya duba tukuna."

Sirajo jikanta ne, ɗan 'yarta da ke aure a Zurmi, magidanci mai 'ya'ya, sana'arsa gyaran famfo. Mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Ya iso da hantsi a kan babur, buhun kayan aiki a ɗaure a baya, tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina uwargidan tawa? An ce kin fara fitsarin kwance kina laƙa ma bango!"

"Ka ci gidanku," in ji Inna. "Miji da ba ya cefane. Shigo ka ga abin da ya same ni."

Da ya ga fuskarta sai ya rage wasan. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin, ya dafa damshin da tafin hannu, ya bi shi da yatsa har bango. Ya fita ya zaga bayin. Inna tana biye da shi da sanda, ba ta yarda ya yi komai ba a idonta ba. Ya kama masan da hannu biyu ya girgiza, bai motsa ba. Ya goge gindinsa da tsumma har ya bushe, ya kora ruwa, ya tsuguna yana kallo. Ya buɗe murfin tankin masan ya leƙa. Ya koma wajen shawa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da bayan sukundireba, yana karkata kai kamar mai zaɓen kankana a kasuwa.

"Mi kake saurare?"

"Wanda ke amo kamar kogo. In tayil ya saki siminti, ruwan wanka na bi ta ƙarƙashinsa ya tahi yawo. Ruwa munafuki ne, tsohuwa. Inda kika gan shi ba nan ya fito ba."

"To daga ina wanga ya fito?"

"Shi za mu tambaya. Kina da bula ta wanki? Da soɓo?"

Ta zaci wasa ne irin nasa, amma ya nace. Ya dama bula a bokiti har ruwan ya yi shuɗi shar ba kyan gani, ya juye a masai, ya kora, ya sake damawa ya sake korawa. Ya sa aka tafasa soɓo tukunya guda, ya toshe magudanar shawa da leda da tsumma, ya malala jan ruwan a ƙasan wurin wanka har ya kwanta. Sannan ya karɓi wani farin mayafinta, ya ninke, ya shimfiɗa a kan damshin cikin ɗaki, ya danne da bulo.

"Kada kowa ya shiga bayin nan sai gobe," ya ce. "In mayafi ya yi ja, shawa ce, ruwan wanka ne. In ya yi shuɗi..."

Bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

Inna ta tsaya tana kallon farin mayafin nan. Ita dai ba ta taɓa jin an yi wa ruwa tambaya ya amsa ba. Abin ya ba ta mamaki, ya kuma ba ta tsoro, don yanzu ba zancen wataƙila. Gobe za ta gani da idonta.

Yinin ranar ba ta zauna ba. Ta ce gara ta shirya, kada shuɗi ya same ta ba shiri. Ta fito da akwatin ƙarfe, ta ninke zannuwanta, ta naɗe tabarmi, ta ɗaure ƙwaryar furarta cikin tsumma. Jamilu yana ɗauka yana kaiwa mota, yana ɗaurewa a sama da igiya, yana ta ba ta labarin yadda jikokinta ke murna. Buzun kaɗai ta bari a rataye a reshen mangwaro yana shan iska.

Mangwaron nan ma da labarinsa. Malam ne ya dasa shi a arewacin tsakar gida, ya zo da ƙwallon daga Zurmi cikin aljihu. Ya girma, ya yi ganye, ya yi inuwa, amma ɗa ko ɗaya bai taɓa yi ba. Maƙwabta suka ce namiji ne, a sare a yi turmi. Malam sai ya yi dariya ya ci gaba da alwala a gindinsa, har ya bar duniya bai ɗanɗana ba. Sai bana, ba zato, itacen ya yi fure har ƙudan zuma suka hana mutane sakat, yanzu ga 'ya'ya nan sun yi nauyi suna rinjayar rassa. Inna ta ce ikon Allah, ba ta nemi wani dalili ba.

Da gari ya waye rana ta ɗaga, su ukun suka tsaya a kan bulon. Sirajo ya miƙa hannu, Inna ta buge shi da sanda.

"Ni zan ɗaga."

Ta yi bisimilla, ta ture bulon, ta ɗauko mayafin ta fito da shi hasken rana ta warware. A jiƙe yake sharkaf. Kuma fari ne fat, kamar yadda aka shimfiɗa shi. Ba ja, ba shuɗi.

"Allahu akbar!" in ji Sirajo. "Ba masai, ba shawa."

Da wata tsohuwar ce, da ta yi guɗa. Inna Fatimatu kuwa sai ta juya mayafin gaba da baya, ta ɗaga shi sama, ta tsuke baki.

"In ƙasa ta shanye launin fa? Ai ko ruwan gulbi in ya bi ta rairayi fari yake fitowa. Kai yaro, kada ka yi min daɗin baki a kan salla."

Kai, tsohuwar nan da taurin kai take! Amma Sirajo bai yi musu ba, ya ce tana da gaskiya, ƙasa na iya yin haka. Ya koma buhunsa ya zaro wani dogon ƙarfe siriri. Ya ce Kawu Jamilu ya je ya kashe rediyon maƙwabta in zai iya, kowa ya yi shiru. Ya kafa bakin ƙarfen a gindin bango, ya ɗora kunnensa a ɗaya bakin, ya rufe ido. Ya matsa gaba kaɗan ya sake kafawa. Ya sake matsawa. Can sai ya tsaya cak, ya yafito ta da hannu.

"Zo ki ji da kunnenki."

Da ƙyar ta sunkuya. Ta ture ɗankwali, ta ɗora kunne a kan ƙarfen. Da farko ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Sannan ta ji shi. Wani sauti ne siriri, sss, ba ya yankewa, kamar numfashin jariri mai barci. A cikin bangon ɗakinta! Bangon da ta jingina da shi shekara da shekaru, ashe akwai abin da ke tafiya a cikinsa dare da rana ba ta sani ba.

"Kada ki ɗaga," in ji Sirajo. Ya ɗaga murya: "Kawu, rufe famfon da ke ƙarƙashin tanki!"

Tana saurare, sautin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

"Buɗe!"

Sautin ya dawo.

"Subhanallahi," ta ce a hankali.

"Kin ji ko? Ba wanda ya kora masai, ba wanda ya yi wanka. Wanga ruwa daga tanki yake zuwa, bai kai ga masai ba tukuna. Bututun da anka ƙara lokacin da kika sa anka juya shi, shi ne ke zuba. Ruwan da kike alwala da shi ne, tsohuwa."

Ta ce ya fasa ta gani.

Sirajo ya sa aka rufe famfon, ya ɗauko guduma da cizal ya fara fasa simintin daga gindin bango. Simintin ba kauri, ƙarƙashinsa tsohon daɓen da Malam ya yi ne, ya jiƙe ya yi laushi. Ya ajiye guduma ya ci gaba da tono da hannu. Yana tono yana surutu, yana cewa mai aikin farko ya yi rowar gam a mahaɗin bututu, irin wannan ɗigo yake farawa, sai kuma hannunsa ya tsaya cak.

"Kawu," ya ce, "zo ka gani."

Ga farin bututun nan, ga mahaɗin. Amma ba a ganin mahaɗin sosai, don wani abu ya naɗe shi. Saiwa ce. Kaurinta bai wuce babban yatsa ba, ta zo ta cikin ƙasa ta kama bututun ta zagaye shi, ta fitar da 'yan ƙanana sirara masu yawa kamar gashi, sun saƙa kansu a kan mahaɗin, wasu sun kutsa ciki sun buɗa shi. Ruwan da ya rage a bututun yana tsattsafowa ta tsakaninsu, garai-garai.

Sirajo ya sunkuya ya ƙura wa saiwar ido. Can ya ce shi ya sha ganin saiwa a bututun ƙazanta, amma bai taɓa ganin ta biyo ɗigon ruwa mai tsabta har cikin ɗakin mutum ba. Ya ce wataƙila darbejiyar maƙwabta ce, ita ce ba ta da kunya.

"Tono ka bi ta," in ji Inna.

Ya bi ta. Ba ta nufi gidan maƙwabta ba. Arewa ta yi. Ya fasa gaba kaɗan, ya share ƙasa, ga ta nan kwance ta ratsa daidai wurin da damshin ya fi baƙi, inda goshin Inna ke sauka, ta wuce ta nufi ƙofa.

Inna ta ajiye sanda. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ba wanda ya taimaka mata, ta sa farce ta kankare bayan saiwar, ta kai hanci. Ta san warin darbejiya, ɗaci ne. Wannan ƙamshin ɗanyen mangwaro ne.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Daga nan ana hango itacen, can ƙarshen tsakar gida, rassansa sun sunkuyo da 'ya'ya, buzun Malam na rataye a jikinsa. Duk wannan nisan! Itacen da ba ido, ba kunne, ba ƙafa. Tun da mai yi masa alwala ya tafi yake cikin ƙishirwa, ya bi ta ƙarƙashin tsakar gida, ta ƙarƙashin dokin ƙofa, cikin duhu, har ya samo ɗigon da ko ita mai ɗakin ba ta san da shi ba. Wa ya gaya masa? Wa ya nuna masa hanya? Kuma duk sujadar da ta yi bana, a kansa ta yi ta.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ta ce. "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ta tara hannu a ƙarƙashin mahaɗin har ruwan ya ɗan taru, ta shafa a fuskarta. Hawaye suka biyo shi, ba ta share ba.

Sirajo ya bari ta natsa, sannan ya zaro wuƙa. Ya ce dole a yanke saiwar a sake mahaɗin, in ba haka ba gobe ma sai ta koma.

"Ka yanke ta in yanke ka."

"To ya za mu yi, uwargida? Ɗaki zai faɗi."

"Kai ne mai sana'a. Ka ɗauke bututunka ka ba ta wuri."

Ya sosa ƙeya, ya fita ya zaga bayan ɗakin, ya dawo yana dariya. Ya ce ai ma ya fi sauƙi. Ya yanke tsohon bututun tun daga gindin tanki ya toshe shi, ya ja sabo ta waje a jikin bango inda ido ke ganinsa, ya huda bangon bayin ya shigar da shi kai tsaye zuwa masai da shawa. Kowane mahaɗi sai da ya goge shi ya shafe shi da gam sosai, ya bari ya kama. Aka buɗe famfo. Ya bi bututun da busasshen tsumma daga farko har ƙarshe, tsumma ya fito a bushe. Ya sake kafa ƙarfensa a bango, ya ba ta ta saurara. Shiru.

"Sai dai mangwaronki ya koma ƙishirwa," ya ce.

"Ba ya komawa. Ina da buta."

Ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya rufe saiwar da guntun tsohon bututun da ta riƙe, ya daddaɓe da bulo. Ya ce a bar wurin ya sha iska ya bushe kafin ya dawo ya yi siminti. Ana haka aka kira la'asar.

Inna ta ɗauki buta ta tafi gindin mangwaro ta yi alwala, a hankali, ruwan na gangarawa cikin ƙasa. Ta sauke buzun daga reshe, ta shiga ɗaki ta shimfiɗa shi a kan sabuwar ƙasar, ta ta da salla.

Jamilu yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ya yi murna, Allah ya sani, amma ransa ya sosu, don ya riga ya gaya wa yara kakarsu na tafe. Yana kallo ta yi ruku'u, ta sauka sujada. Ta daɗe. Ta daɗe har gabansa ya faɗi, ya taka dokin ƙofa zai shiga, bakinsa ya buɗe zai ce Inna. Sai ya ji ta ce Allahu akbar, ta ɗago.

Ya ja da baya. Ya fita zaure ba wanda ya ce masa komai, ya hau kan motar ya fara kwance igiya.